Muharramin Inna Fanta

A shekarun nan da kuɗin fetur ya sa kowa ke jin Makka ta matso kusa, an yi wani mutumin Batsari, Badaru, wanda sana'arsa ita ce sayar da kujerun jirgin sama ga mutanen da ko jirgin ba su taɓa gani a ƙasa ba. Wakili ne na Kamfanin Gauraka, masu ba da shatar jirgi daga Kano. Faɗin aikin ba wuya. Ka tara maniyyata ɗari da arba'in, kamfani ya ba ka jirgi sukutum, ya kai su Jidda, ya dawo da su. In suka gaza haka, a soke jirgin, a cusa waɗanda suka yi sa'a cikin jiragen wasu garuruwa, sauran su jira baɗi, wakili kuwa ya je ya nemi wata sana'ar.

Da can malamin firamare ne. Ya ajiye alli ne da ya lura bakin da Allah ya ba shi ya fi ƙarfin 'yan aji biyu. Kuma ba ƙarya, Badaru na da baki. Yana iya zama da mahauci ya yi masa bayanin jirgi har mutumin ya tashi yana jin kamar da shi aka ƙera. A cikin Batsari ya samu mutum tamanin, 'yan tireda da mahauta da teloli da matansu. Ragowar sittin da uku duk mutanen Arɗo Hamma ne, makiyaya daga rugagen Babban Duhu, kuma su ne suka fito masa da furfurarsa ta farko.

Wata bakwai ya yi yana zarya zuwa rugagen a kan babur ɗinsa Bespa, in ta nutse a rairayi ya sauka ya tura. Ya sha fura har ya daina jin daɗinta. Ya halarci suna uku da jana'iza ɗaya. An tambaye shi ko jirgi na da makewayi ya fi sau talatin, an tambaye shi ko ana tsayawa a hanya a yi alwala, an tambaye shi ko matuƙin na salla. Arɗo bai taɓa ce masa e ba, bai kuma ce a'a ba. Duk lokacin da Badaru ya ɗauko maganar, sai Arɗo ya tambaye shi lafiyar mutanen gida. Sai ran nan, suna tsaye bakin garke, ba tare da ko kallonsa ba, dattijon ya yanke.

"Ɗan Batsari, mun yarda. Amma ka ji da kyau. Tare za mu tahi, tare za mu komo. Kuma Fanta ce gaba. In ƙahwatta ba ta taka jirgin ga ba, ba wanda zai taka."

Inna Fanta matar marigayi yayan Arɗo ce, wanda ya riƙe sarautar kafin shi. Ita ce ungozomar rugagen tun kafin Turawa su tafi, rabin mutanen Arɗo da za su hau jirgin ita ta yanke musu cibi. Badaru ya ce ai wannan ba komai ba ne, har kujerar bakin taga zai sa a ba ta.

A ƙarshen watan Agusta na 1981 kamfani ya aiko mai duba takardu. Ya gama da mutanen Batsari ran Talata, Laraba aka tara na Arɗo a Safana, a wani aji na firamare da yara ke hutu. Damina ta kama sosai, gero ya fara fitar da kai. Tun da hantsi makiyayan suka cika filin makarantar, maza ƙarƙashin darbejiya da sandunansu, mata can gefe a inuwar gini.

Mai duba takardun, Malam Sahabi, siriri ne mai tabarau, biro uku a aljihun gaba, kowanne da launinsa. Ba mugu ba ne. Abin da ya mai da shi haka ya faru ne bara. Wata mata daga wata gunduma ta tafi da wani mutum a matsayin muharraminta, gari guda ya rantse wanta ne, aka je Jidda ta bayyana maƙwabci ne kawai. Kwana biyu aka tsare mutanen jirgin gaba ɗaya a filin sauka, kamfani ya kusa rasa izininsa, shi kuma Sahabi ya kusa rasa aikinsa. Tun daga nan ya daina sauraron rantsuwar jama'a.

"Malam Badaru," ya ce yana buɗe akwatin ƙarfen da fasfo ke ciki, "ana la'asar zan tashi. Ka ga hadarin can. In rafi ya kawo ban wuce ba, na kwana, kuma gobe da sassafe fasfon nan za su wuce Ikko neman biza. Wanda bai shiga akwatin nan yau ba, bai shiga ba ke nan."

"Ai kafin azahar mun gama, ranka ya daɗe," in ji Badaru.

Aiki ya tafi daidai. A kira suna, mutum ya shigo, Sahabi ya dubi hoto ya dubi fuska, ya duba katin allura, in mace ce ya tambaye ta muharraminta ya kira shi ya tsaya gefenta, ya buga hatimi, fasfo ya faɗa akwati. Badaru na tsaye bakin ƙofa yana tsokanar kowa don ya rage musu tsoron tabarau. Mutum arba'in da ɗaya suka wuce haka. Sannan aka kira Fanta.

Ta shigo a hankali, 'yar ƙaramar tsohuwa, fara, lulluɓe da baƙin saƙi, ta ƙi benci ta zauna a ƙasa. Wani dogon mutum mai furfura jefi-jefi a gemu ya biyo ta, amma bai wuce bakin ƙofa ba. Ya cire malfarsa ya riƙe. Ita kuwa ta zauna ta ba ƙofar baya.

Sahabi ya gaishe ta da ladabi, ta amsa, ya tambayi gida da shanu da jikoki. Sannan ya ce, "Inna, wane ne muharraminki?"

Ta ɗan karkata haɓa wajen ƙofa, ba ta waiwaya ba. "Wancan."

"Me sunansa?"

Ta kama gefen zanenta tana murzawa.

"To, mene ne shi a wurinki?"

"Ƙanena ne."

Sahabi ya zaro takarda biyu ya jera a kan tebur, ya yafito Badaru da yatsa. "Karanta. Duk rubutunka ne."

Badaru ya sunkuya. A fom ɗin Fanta, wajen muharrami, an rubuta Uwaisu, ƙane. A fom ɗin Uwaisu, wajen wadda yake wa rakiya, an rubuta Fanta, mahaifiya. Kowanne da dangwalen yatsa a ƙasa.

Nan take ya tuna yadda aka yi. Nata ya cike ne a ruga, tsakiyar taron mata. Da ya tambaye ta ta ce ƙanena, wata matashiya ta faɗa masa sunan, matan suka rufe baki suna dariya, shi kuwa ya ɗauka wandonsa na Turawa suke wa dariya. Na Uwaisu ya cike bayan mako guda a Safana, su biyu kaɗai, mutumin ya sunkuyar da kai ya ce ita ta haife shi. Takardu sittin da uku ne, Badaru bai taɓa ɗora waɗannan biyun gefe da gefe ba. Abin haushin shi ne ya san al'adar sarai. Uwarsa ma ba ta kiran yayansa da suna. Amma kunyar ɗan fari ta cikin gari wasa ce in aka gwada ta da ta mutanen Arɗo. A wurinsu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta ce nata ne, ba ta dubansa a gaban mutane. Ana yaye shi kaka ke ɗauka, ya tashi yana ce wa uwarsa Adda, wato yaya, har su tsufa tare.

"Ranka ya daɗe," Badaru ya rage murya, "kuskurena ne. Ɗanta ne na fari. Kai ma ka san yadda abin yake."

"Na sani. Ni ma ɗan fari ne. Amma wanda zai duba takardun nan a can bai sani ba, kuma ba ruwansa. Abin da zai gani shi ne mace ta ce ƙane, namiji ya ce uwa, ɗaya ya yi ƙarya ke nan. Gyaran mai sauƙi ne. Ta faɗa da bakinta ɗanta ne, ta kira sunansa, in cike sabon fom, ta dangwala. In ba haka ba, fasfonta ba zai shiga ba."

Fanta ta ji duka. Ta dafa ƙasa ta miƙe, ta bi ta gefen ƙofa, dogon mutumin ya matsa mata hanya, ta wuce shi kamar ta wuce turke.

Badaru ya ruga wurin Arɗo. Da dattijon ya ji, ya tashi da kansa ya shigo ajin, manya huɗu na biye da shi.

"Malam, ni ne Arɗo. Ran da aka haihi Uwaisu ina nan, ni na kama ragon suna aka yanka. Ga waɗanga, duk sun sani. In Alƙur'ani kake so a kawo, a kawo."

"Allah ya ja zamanin Arɗo, ban ƙaryata ka ba. Amma bara ma dattawa ne suka dafa mini Alƙur'ani. Daga bakin mai ita nake so in ji."

Fuskar Arɗo ba ta canja ba, kuma wannan ya fi tsorata Badaru fiye da a ce faɗa ya yi. Ya dubi akwatin ƙarfen.

"To, waɗanda suka shiga ciki a hiddo mana su."

"Arɗo, don Allah," in ji Badaru. "Ka ba ni zuwa la'asar. A ci gaba da duba sauran. Ni na ɓata, ni zan gyara."

"Na hwaɗa maka tun bakin garke, ɗan Batsari."

"Ka hwaɗa. Zuwa la'asar kawai."

Arɗo ya juya ya fita, bai ce e ba, bai ce a'a ba. Aka ci gaba da kiran sunaye, amma yanzu ba mai dariya, kowa ya shigo yana kallon akwatin da gefen ido.

Dabara ta zo wa Badaru suna cikin sallar azahar, abin da ya nuna inda hankalinsa yake. Ƙane ma ai muharrami ne. Sahabi dai takardu yake so su dace, kuma bai ji komai daga bakin Uwaisu ba tukuna. In mutumin ya shiga ya ce Addarsa ce, kuma haka yake kiranta tun yana yaro, sai a ce kuskuren a fom ɗinsa yake, takardu su dace, kowa ya huta. Ana sallamewa ya zari sabon fom ya ja Uwaisu bayan aji.

Ya yi masa bayani da irin muryar da yake sayar da kujera, mai laushi, mai sa abu ya yi kama da ba komai. Uwaisu na tsugune yana zane a ƙasa da sandarsa, bai katse shi ba har ya gama.

"Wannan takarda," ya ce a ƙarshe, "ita za a kai can?"

"Ita ce."

"Har Ɗakin Allah?"

"To, har Jidda dai. Ofis ne kawai."

"Malam, shekarata arba'in da tara. Ban taɓa cin tuwo kwano ɗaya da ita ba. Da saniya ta soke ni a cinya ina saurayi, kowa ya zo gaishe ni, ita magani ta aiko. Ban ji haushi ba, haka muka taras. Ina ce mata Adda, ta yi kamar ba da ita nike ba, mu wuce." Ya ɗago ya dubi Badaru. "Amma wuri ɗaya tak aka taɓa rubuta ita ta haihe ni, takardar ga taka. Yanzu kuma ka ce in sa yatsana in goge? In tahi aikin Hajji da shaidar ba uwata ba ce? A'a. Gara a hwasa."

"Mutum ɗari da arba'in da uku, Uwaisu. Wasu sun sai da shanun da ba za su sake samu ba."

"Na sani. Ka yi haƙuri."

Ya faɗe shi a hankali, ba tsawa, kuma Badaru ya gane ko kwana zai yi yana magana ba abin da zai motsa. Ya naɗe fom ɗin ya cusa a aljihu. Kunya ta kama shi, irin wadda bai saba ji ba a wannan sana'a.

Da ya zagayo gaba, gabas ta yi baƙi ƙirin. Iska ta fara kaɗa darbejiya. Wasu daga cikin matan sun naɗe tabarmi, samari na kwance igiyar jakuna. Direban Sahabi ya juya Fijo ta fuskanci hanya. An gama da kowa, fasfo sittin da ɗaya a akwati, biyu a kan tebur.

Badaru ya shiga ya tsaya gaban teburin. Wannan karon bai yi murmushi ba.

"Ranka ya daɗe, ka ce daga bakinta kake so ka ji. Ba ka ce sai a gaban jama'a ba."

"Ban ce ba."

"Ba ka ce sai kana kallonta ba."

Sahabi ya dube shi ta saman tabarau.

"A fitar da kowa," in ji Badaru. "A rufe ƙofa. Ka juya kujerarka ka fuskanci allo. Ni ne shaida, na biyun in dole ne ka sa direbanka ya tsaya bayan ƙofa, ba ta san shi ba. Shi kuma Uwaisu ka riga ka gan shi, ka ga hotonsa, a tura shi nesa."

Sahabi ya dubi agogo. "Minti ashirin. In aka kira la'asar na rufe akwati."

Fanta na zaune ita kaɗai a ƙarshen inuwar, matan sun ba ta fili. Badaru ya cire takalmi ya tsuguna nesa kaɗan. Ya gaishe ta tun daga farko kamar yau bai gan ta ba, ya tambayi gajiya, ya tambayi ƙafa, duk da minti ashirin ɗin na ci masa rai. Ta amsa duka.

"Inna, laihina ne."

"Ba laihinka ba ne. Ka tambaya na hwaɗi."

"Ina roƙon alhwarma."

"Na san abin da kake so. Ku tahi ku bar ni. Ni tsohuwa ce, Allah ya ga niyyata."

"Ba za su tahi ba, Inna. Arɗo ya ce a hiddo mishi takardun kowa. Kin san shi, kin riga ni saninshi."

Ta dubi matan da ke naɗe tabarmi. Akwai wata a cikinsu, mai ido ɗaya, da ta sayar da karsanarta guda tilo don wannan tafiya, kowa ya sani.

"Bakina bai taɓa ba," ta ce. "Ko cikin barci. Uwata ba ta yi ba, kakata ba ta yi ba. In na yi yau gaban ƙattin ga, da wane ido zan koma ruga?"

"Ba kowa. Daga ni sai baƙon, shi ma baya zai ba ki. Kalma biyu, ba wanda zai ji. Ni kuma in na hwaɗa ma wani, kar Allah ya kai ni gida."

Tsawa ta yi ƙara can wajen ƙauyen Zakka. Ta daɗe tana murza gefen zane.

"Shi hwa?"

"Zan aike shi tasha."

"Aike shi in gani."

Badaru ya je ya ba Uwaisu sule biyar ya ce don Allah ya sayo wa baƙo goro a tasha, fari, kar ya karɓi na bakin hanya. Uwaisu ya dubi kuɗin, ya dubi ajin, ya sa malfarsa ya kama hanya. Fanta na kallon ƙasa, amma sai da ya fita daga filin sannan ta miƙe.

Ajin ya yi duhu da aka rufe ƙofa. Tagogin na katako ne, an ja su saboda iska. Sahabi ya juya kujerarsa, yana fuskantar allon da har yanzu lissafin yara ke kai, sabon fom a kan gwiwarsa. Fanta ta zauna a ƙasa inda ta zauna ɗazu. Badaru ya jingina da bango. Yayyafi ya fara taɓa kwanon rufi, ɗaya-ɗaya.

"Bismillah, Inna," in ji Sahabi ga allo. "Mutumin da zai raka ki, mene ne shi a wurinki?"

Ta buɗe baki, ta rufe. Badaru ya kawar da kai don ya rage mata nauyi, idonsa ya sauka kan tagar baya, wadda katakonta ɗaya ya ɓalle. Ta wannan kafar ya hango gefen malfa, da kan sanda a jingine da bango. Uwaisu bai je tasha ba. Ya zagaya ta bayan makaranta ya dawo ya tsuguna ƙarƙashin tagar.

"Ɗan Batsari," in ji Fanta, ba ta ɗago ba. "Ya yi nisa?"

Amsar na nan a bakin Badaru, a shirye, ba ta buƙatar ko tunani. Ya gaya wa mutanen nan jirgi ba ya girgiza. Ya gaya musu tafiyar ba ta fi zuwa Katsina a mota wahala ba. Irin waɗannan ƙananan maganganu su ne rabin sana'arsa, bai taɓa rasa barci a kansu ba. Ya ce e kawai, ta faɗi kalma biyu, hatimi ya sauka, jirginsa ya tashi, ba wanda zai taɓa sani. Amma tsohuwar nan ta shigo ɗakin ne a kan maganarsa, za ta ajiye abin da ta riƙe shekara arba'in da tara don ya ce mata ba mai ji. Kuma mutumin da ke bayan tagar ɗazu ya ƙi ƙaryar da za ta kai shi Makka. Badaru ya ji tsoro ƙwarai, don ya san abin da zai faɗa na iya rushe wata bakwai na wahala da aikinsa gaba ɗaya.

"Bai tahi ba, Inna," ya ce. "Yana nan bayan taga. Yanzu na gan shi."

Kafaɗun Sahabi suka motsa, amma bai juyo ba. Fanta ta daina murza zanen. Yayyafin ya ƙaru. Daga masallacin cikin gari aka ji ladan na gyara murya a lasifika.

Badaru ya rufe ido. Yana jira ya ji ta dafa ƙasa ta miƙe.

"Malam baƙo," in ji ta. "Sake tambayar."

Sahabi ya yi gyaran murya. "Mutumin da zai raka ki, Inna, mene ne shi a wurinki?"

"Ɗana ne." Da ƙyar aka ji ta. Ruwan ya sauko gaba ɗaya a kan kwano, ya cika ɗakin da ƙara. Ta juya fuskarta wajen tagar baya, ta ɗaga murya yadda Badaru bai taɓa zaton ƙirjin nan na iyawa ba. "Ɗana ne! Ni na haihe shi, ran Alhamis, shekarar da muka yi rani a Tsaskiya. Kwana biyu ina naƙuda. Shi ne na hwari."

"Me sunansa?"

"Uwaisu."

"Na'am," aka amsa daga bayan taga.

Ba wanda ya shirya wannan. Mutum ne ya ji an kira sunansa ya amsa, tun kafin ya yi tunani. Fanta ta ja saƙinta ta rufe fuska gaba ɗaya.

Sahabi ya yi rubutu a kan gwiwarsa. Ya cire tabarau ya goge da gefen riga, ya mayar, sannan ya miƙo fom da tawada ta bayansa, har yanzu yana fuskantar allo. Badaru ya karɓa ya tsuguna. Hannu ya fito daga ƙarƙashin saƙin, Badaru ya kama babban yatsan ya dangwala mata. Hatimi ya sauka sau biyu. Fasfo biyu suka faɗa akwati, Sahabi ya datse kwado, ya rungumi akwatin ya ruga mota ana tsakiyar kiran salla, ko sallama bai tsaya yi ba.

Badaru ya zauna a kan bencin yara.

"Ɗan Batsari," in ji murya daga cikin saƙi, ta koma yadda take kullum. "Je ka ce ma wancan ya shiga inuwa. Ruwa na dukanshi."

Ya fita ya zagaya bayan ajin. Uwaisu na tsugune inda yake, ruwan indararo na zuba masa a gadon baya, malfar a ƙasa cikin taɓo, sule biyar ɗin damƙe a hannunsa. Badaru ya isar da saƙon. Mutumin bai tashi ba. Ya ɗago, gemunsa na ɗigar ruwa.

"Malam, ka ji ta?"

"Na ji ta."

Uwaisu ya gyaɗa kai, ya sake gyaɗawa.

"Ashe ta san sunan," ya ce.